Injin da Muka Sa wa Suna Maƙaryaci

Minsharin Baba sananne ne a layinmu na Djougou. Maƙwabta kan tsokane shi cewa ɓarawo ba ya shiga unguwar, don yana zaton masu niƙa ba su tashi aiki ba. Ƙaton mutum ne mai kaurin wuya, ya yi ƙuruciyarsa a bakin tukubar tsire kafin ya samu jari ya koma cinikin shanu a kasuwannin wajen Pélébina. Hayaƙin da ya shaƙa a wancan lokacin, da tabar da bai bari ba sai da ya dawo daga Makka, su ne likitoci suka ce sun jira shi a gaba. Ni ce 'yarsa ta biyu, Zuwaira. Ina aure a Guéma cikin Parakou, ina da rumfar atamfa a kasuwar Arzèkè. Abin da ya same mu a jinyarsa nake so in rubuta, domin yanzu duk wanda ya shiga babban asibiti sai ya tarar da inji a gefen gado, kuma ba a koya wa kowa zama da shi ba.

Da damina abin ya fara, lokacin sabuwar doya. Baba ya shiga yin barci a inda ba a barci. Ana tsakiyar ciniki, mai saniya ya faɗi nasa, a juyo a ji ta bakinsa, sai a tarar ya sunkuyar da kai. Yana tashi da ciwon kai, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, leɓensa ya yi duhu. Inna, mahaifiyarmu, ita ta fara lura da abin da ya fi duka. In ya kishingiɗa bayan azahar, minsharin kan tafi daidai, sai ya yanke, ɗaki ya yi tsit, har sai ta zungure shi ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ta kira ni a waya ta ce, "Babanku fa yana manta numfashi."

Makon farko a shawarwari ya tafi. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta ce jifa ne daga abokan ciniki, in ba haka ba wane dillali ne zai yi barci ana faɗin kuɗi. Yaya Nasiru, babban wanmu, ya kawo rubutu. Wani Bafulatani abokin hulɗar Baba ya aiko da saiwa a ƙulle cikin tsumma. A ƙaramin asibitin unguwa kuwa suka ce palu ne, wato zazzaɓin sauro, don a wurinmu duk ciwon da bai faɗi sunansa ba palu ne. Baba ba ya musu. Duk abin da aka miƙo masa sai ya sha, ya ce an gode, ya koma barcinsa.

A mako na biyu ya yi sujada a masallaci bai ɗago ba, har liman ya sallame, na kusa da shi ya girgiza shi da ƙarfi sannan ya farka. Ranar Yaya ya daina sauraron kowa, ya ɗauki shatar mota suka taho Parakou da Inna.

Wanda bai taɓa jinya a babban asibiti ba, ya san da wannan: layi uku ne, na ganin likita, na biya, da na karɓar magani, kuma kowanne yana tura ka wurin ɗan'uwansa. Daga safar hannu har auduga sai an rubuta maka ordonans, wato takardar sayen magani, ka je ka saya. Yaya ya sa aka sayar da shanu, ban tambaye shi nawa ba, shi ma bai faɗa ba. Duk da haka ba zan ɓata ma'aikatan asibitin ba. Sun karɓi Baba da wuri da suka ga launin leɓensa, suka ba shi gado a wani ƙaramin ɗaki mai sanyin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, inda ake barin ɗan'uwa ɗaya ya zauna kusa da majinyaci, sauran kuma suna tabarma a ƙarƙashin mangwaro.

Likitar wata matashiya ce 'yar Kudu. Da Faransanci take magana, a hankali, tana jira in fassara wa Inna. Ta ce huhunsa ya gaji, kuma in ya yi barci maƙogwaronsa na rufewa. Wani lokaci jiki kan farka da kansa ya ja iska, wani lokaci kuma ba zai farka ba. In aka kama shi da wuri, aka tashe shi ko aka hura masa iska, zai dawo. In aka yi jinkiri, shi ke nan. Wannan yankewar numfashin ta kira shi apnée, kuma kalmar ta zauna a bakinmu har yau.

Don haka aka haɗa shi da injin. Roba ce siririya mai kai biyu ake sa masa a hanci. Hanya ɗaya tana kawo masa iskar oksijin, ɗayar kuma, wadda ta fi sirantaka, tana ɗaukar iskar da ya fitar ta kai wa wani ɗan abu a jikin injin da suke kira capteur, shi ne mai jin shigar numfashi da fitarsa. A fuskar injin akwai layi mai hawa da sauka. In layin ya miƙe na ɗan lokaci, injin sai ya yi kuka, a ji har teburin ma'aikata a ƙarshen baranda. Akwai kuma wani ɗan maƙali da ake sa masa a yatsa, amma wannan bai taɓa zama ba, domin Baba da yatsu yake tasbihi, ko yaushe ka duba sai ka tarar da shi a kan katifa.

Infirmiya, wato ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin, ta ja mana kunne tun ranar farko. Ta ce ban da ashana, ban da turaren wuta, ban da basilin a fuska, saboda oksijin ba ya shiri da su. Da na fassara, Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ni da basilin? Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa shafa masa man kanti ba."

Ranar farko injin bai ce komai ba. Kashegari da hantsi ya tsala kuka. Ina waje na ji, na shigo da gudu takalmi ɗaya a ƙafa, infirmiya ta riga ni, muka tarar da Baba ido biyu yana kallon sili yana jan salati. Aka gyara masa robar, injin ya yi shiru, aka ce ƙila gocewa ta yi. Kafin la'asar ya sake. Washegari ya sake, ya kuma sakewa. Wata rana Baba na zaune yana shan koko, injin na ihu yana rubuta apnée da jan rubutu. Baba ya ajiye ludayi ya ce, "To ga ni ina shan koko, shi kuma ya ce na mutu. Ku zaɓi wanda za ku yarda da shi."

Daga nan sunan ya fito. Yaya ne ya fara kiransa Maƙaryaci, masu dubiya suka ɗauka. In mutanen Zongo suka zo, bayan sun ce ya jiki, sai su juya su ce, "Ina Maƙaryaci, shi ma ya kwana lafiya?" Gwaggo Asabe, da ta zo daga Djougou da kwandon lemo, ta ce ita ba ta yi mamaki ba, abin da aka jefi yayanta da shi ne ya koma jikin injin.

Mun yi dariya, amma abin ba na dariya ba ne ga Baba. Mutumin da aka kawo saboda yawan barci, sai ga shi ba ya samun ko kaɗan. Da ya lumshe ido injin zai tsala, ya firgita, ƙirjinsa na bugawa. Idanunsa suka yi ja, ya fara faɗa, shi da ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Ku kashe min abin nan, ko ku mayar da ni gida in mutu cikin kwanciyar hankali." Yaya ya lura da wani maɓalli mai hoton ƙararrawa da ma'aikata ke dannawa in sun shigo. In aka danna, injin kan yi shiru na ɗan lokaci, in ya dawo a sake dannawa. Ya nuna mini, ya nuna wa Inna. Cikin kwanaki kaɗan hannunmu ya riga tunaninmu, da an ji kukan sai yatsa ya tafi. Ma'aikatan ma sun rage gudu, kuma ban ga laifinsu sosai ba, mutum biyu ne a kan ɗakuna da yawa.

Likita ce ta sa aka kira mai gyaran injunan asibitin, wani Mushe Bio (Mushe shi ne Malam a Faransancinmu), ɗan ƙabilar Bariba ne siriri mai gilashi. Hausarsa ba ta da yawa, amma da yaren Dendi muka fahimci juna. Ya zo da jaka, ya fito da wani sirinji ƙato, ya kai famfon keke girma, har Baba ya ce in allura ce a fara da Nasiru. Mushe Bio ya yi murmushi ya ce ba ruwa a ciki, iska ce, kuma an san adadinta daidai. Ya cire robar Baba daga injin, ya ɗauko tasa sabuwa daga jaka, ya haɗa da sirinjin. Ya tura iskar a hankali, yadda mai barci ke numfashi, layi ya hau ya sauka. Ya tura da sauri, layi ya bi shi. Ya duba lambar da injin ya nuna, ta yi daidai da iskar da ya tura. Daga nan ya toshe bakin robar da babban yatsa ya jira, injin ya yi kuka a lokacin da ya kamata. Ya ce capteur lafiyarsa ƙalau. Ya mayar da robar Baba, ya naɗe tasa, ya tafi.

Bai kai ofishinsa ba injin ya tsala, Baba na tsakiyar hira.

Aka sake kiransa bayan kwana biyu. Ya sake yin duk abin da ya yi, ya ƙara da buɗe bayan injin ya hure ƙura, sakamako ɗaya. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Wannan da injin bakinsu ɗaya." Ni ma a raina na ce aikin gwamnati ke nan, a zo a danna a tafi. Ashe mutumin ya tafi da abin a ransa.

Zuwansa na uku ba wanda ya kira shi. Da safe ya shigo, mu uku duk muna ɗakin saboda lokacin dubiya ne. Ya ce, "Injin nan a hannuna gaskiya yake faɗa, a hannunku yana ƙarya. Bari yau in gwada shi da kayanku." Ya sa aka ba Baba oksijin ta wata hanya, ya zare robar daga hancinsa, ya haɗa ta da sirinjin. Ya tura, sirinjin ya yi tauri, layin da ƙyar ya motsa. Ya ɗaga robar wajen taga. A cikin siririyar hanyar akwai wani abu fari fari a daskare, nan da can. Ya matse ta, ya shinshina yatsansa, ya ce, "Karité."

Man kaɗanya ne. Iskar oksijin ta busar wa Baba hanci har ya tsage yana fitar da jini. Kullum da asuba, in Inna ta goge masa fuska, sai ta zare robar, ta lakato man da ƙaramin yatsa ta sa masa a kowace ƙofar hanci, ta mayar. Ba ɓoyewa take ba, ba ta dai ga abin faɗa a ciki ba. Duk hancin da aka haifa a gidanmu da man kaɗanya ya girma, kuma a wurinta wannan ba man shafawa ba ne, magani ne, har a miya ana sa shi. Ɗumin hanci na narkar da man, ya gangara cikin robar, sanyin kilim ya daskarar da shi a hanya. Injin ba ya jin numfashi, sai ya faɗi abin da ya ji.

Mushe Bio bai yi faɗa ba. Ya ce da mahaifiyarsa ce, abin da za ta yi ke nan, kuma shi ma ya kamata tun farko ya gwada da robar da ke jikin majinyaci. Ya ce Allah ya tsare ma, mai da oksijin kan iya kama wuta. Aka rubuta mana sabuwar roba da wani maganin hanci marar maiƙo. Ya gwada sabuwar a gabanmu da sirinjinsa, ya toshe, injin ya yi kuka, ya saki, ya yi shiru. Sannan ya ɗora yatsa kusa da maɓallin ƙararrawa ya ce, "Daga yau in ya yi kuka, gaskiya ne. Kada kowa ya sake taɓa wannan." Na fassara wa Inna kalma bayan kalma. Ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa. Da muka fito ta zauna a tabarma ta ce, "Ashe ni ce na hana shi barci duk kwanakin nan."

Makon da ya biyo shi ne mafi daɗi a jinyar. Injin ya yi shiru, Baba ya samu barci, kumburin ƙafa ya fara sauka. Likita ta soma maganar wani inji mai abin rufe hanci da za a nemo masa daga Cotonou ya riƙa kwana da shi a gida. Masu dubiya suka ce Maƙaryaci ya tuba. Amma da yake bai sake kuka ba ko sau ɗaya, ba mu samu damar koyon tashi da gudu ba. An gwada injin har sau uku, mu da ke zaune a gefensa ba wanda ya gwada mu, kuma sabo turken wawa ne.

Ranar wata Juma'a Baba ya ce yana marmarin sakwarar sabuwar doya da miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan na Fulani. Likita ta ce a ba shi kaɗan. Na koma Guéma na daka, Yaya ya tafi masallaci, aka bar Inna a ɗakin. Daga baya na ji cewa a daidai lokacin an kawo mutanen da suka yi haɗari a babur, aka janye infirmiya ɗaya, ɗayar kuma tana ɗakin ƙarshe, kunnenta kawai ta bari a baranda.

Na sauka daga zem, wato babur ɗin haya, da kwano a hannu, na shiga ɗakin. Shiru. Inna na zaune a bakin gado, hannu ɗaya da mafici, ɗayan a kan injin. Ta ɗago ta yi mini alama in rage motsi, ta ce a hankali, "Ya samu barci. Abin nan ya so ya tashe shi, na hana." Na dubi fuskar injin. Layin a miƙe yake, jan rubutun na ƙiftawa, maƙalin yatsa na kan katifa. Na dubi Baba, ba minshari.

Ban san lokacin da na saki kwanon ba. Ma'aikata sun zo da gudu, wannan karon da gudun gaske, suka fitar da mu, suka hura masa iska, suka danna ƙirji. Zuciyar ta dawo. Aka kai shi ɗakin masu tsanani, amma bai sake buɗe ido ba, bayan kwanaki kaɗan ya cika. Likita ta zaunar da ni da Yaya ta ce huhun da ma ya yi nisa, ko da an kama wannan, wani na iya zuwa. Na gode mata, na kuma san ba ta ce wannan ɗin ba zai kamu ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Muka kai shi Djougou aka binne shi kusa da mahaifinsa.

Bayan sadakar bakwai na dawo Parakou karɓar takardar rasuwa, na ci karo da Mushe Bio a baranda. Ya yi mini ta'aziyya. Ya ce in majinyaci ya rasu a kan inji, ƙa'ida ce a sake gwada shi kafin a sa wa wani, kuma ya gwada, da robar da aka cire daga hancin Baba. Ban tambaya ba, na tsaya kawai. Ya ce robar a buɗe take, capteur daidai yake. Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce yanzu ya roƙi a riƙa barinsa yana toshe roba a gaban 'yan'uwan majinyaci ba tare da ya sanar da su ba, ya ga abin da hannunsu zai yi.

Ga masu jinya, abin da zan ce kaɗan ne. Kada ku sa wa mai shan oksijin kowane irin mai a hanci, ko na kanti ko na gida. In inji ya yi ta kuka ba dalili, ku nace a gwada shi da kayan da ke jikin majinyacinku. Maɓallin shiru kuwa ba naku ba ne, ko da kun ga ma'aikata na dannawa.

Na koma Djougou cikin takabar Inna. Ba wanda ya taɓa yi mata maganar ranar Juma'ar, Yaya ya hana, Gwaggo Asabe kuma ta riga ta shaida wa unguwa cewa injin asibiti ne ya lalace. Wata yamma muna tsakar gida muna tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Zuwaira, kin ga mai sirinjin nan?"

Na ce na gan shi.

"Ya gwada?"

Na ce ya gwada. Na shiga neman abin da zan ƙara, na ce likita ta ce huhun da ma ya yi nisa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ba wannan na tambaye ki ba. Ranar nan, gaskiya ya faɗa?"

Ta dube ni, ta ga amsar a fuskata, ta ci gaba da tsintar shinkafarta har ta gama abin da ke cikin faifai, ta zuba a kwano. Sannan ta ce, "Yayanki ya ce kina rubuta labarin jinyar don mutane su karanta. In kin zo wurin, kada ki ce wata ce, kada ki ce injin ne. Ki ce matarsa ce. In aka ce wata baƙuwa, kowace mace za ta ce ita ba za ta yi ba."

Matarsa ce. Sunanta Hajara, sun yi fiye da shekara arba'in tare, kuma so take ya yi barci.